Amsa ga 'yar'uwar da ke son karatun sadarwa da tallata haja

'Yar'uwa, kin ce kina aiki a sashen kula da kwastomomi, ga yara ƙanana, kuma zuciyarki na kan karatun sadarwa da tallata haja, sai dai kina tsoron lokaci. Ni ma da goyo na yi nawa, kuma ina ganin za ki iya. Kullum kina jin ƙorafin mai saye da kunnenki, kin san kalmar da ke sa shi ya huce da wadda ke sa ya kashe waya. Yawancin ɗalibai a littafi kawai suke karanta wannan.

Amma ki bambance fannonin biyu kafin ki biya kuɗin makaranta. Sadarwa ta fi karkata ga rubutu, hulɗa da jama'a da kafafen watsa labarai. Tambayoyin nan na masanin sadarwa Harold Lasswell na 1948 za ki yi ta cin karo da su: wa ya faɗa, me ya faɗa, ta wace kafa, ga wa, me ya biyo baya. Tallata haja kuwa akwai lissafi a ciki, da yawa ba sa sani sai sun shiga. Cikin abubuwa 4 da masanin tallata haja Jerome McCarthy ya tsara a 1960, wato haja, farashi, wurin sayarwa da talla, kin ga talla ɗaya ce tak. Za ki zauna gaban manhajar lissafi ta Excel kina duba mutum nawa suka ga saƙo, nawa suka danna, nawa suka saya, nawa aka kashe a kan kowane ɗaya. Idan wannan bai gundure ki ba, to nan ne wurinki.

Ki fara gwada kanki da darussan talla na kyauta da ke intanet, na HubSpot Academy ko Meta Blueprint, a waya ma ana yi.

Abin da ya fi ba ni wuya ba jarrabawa ba ce, aikin rukuni ne. Abokan karatu marasa iyali su sa taro ƙarfe 9 na dare, ni kuma lokacin nake jijjiga yaro mai zazzaɓi, kwamfuta buɗe a gefen gado. Don haka ki tambayi makarantar tun farko: ana naɗar lacca? Ana ɗaga ranar miƙa aiki ga mai uzuri? Ki kuma zauna da maigida ku tsayar da darare da zai riƙe yaran.

Duk aikin da aka ba ki, ki nemi izinin shugabanki ki yi shi a kan wurin aikinku, ki cire sunayen kwastomomi. Irin wannan aikin ne ya sa aka mayar da ni sashen talla tun kafin in karɓi takardar shaida.