Ban sa alamar tambaya ba, amma null ya fita a JSON

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta manhajar biyan kuɗi da C#. Na rubuta `string LambarAsusu` babu `?`, amma jiya System.Text.Json, mai mayar da bayanai zuwa JSON, ya tura wa abokan hulɗarmu `null` (wato babu komai) a gurbin, kuɗin mutane suka maƙale. Oga ya ce in aka kuma, in nemi wani aikin. Yaya zan hana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka. In kana kan .NET 9, wanda ya fito a Nuwamban 2024, sa `RespectNullableAnnotations = true` cikin JsonSerializerOptions. Daga nan duk gurbin da ba shi da `?` in ya zo da null, kuskuren JsonException za ka gani, wajen rubutawa da wajen karantawa. In .NET 8 kake, yi amfani da IJsonOnSerializing ka duba da kanka. Masu amfani da Newtonsoft maimakon System.Text.Json kuwa suna da `Required.Always`.

Amma abin da ya jefa ka cikin wannan rami shi ne ya fi damuna, don kullum sai na ci karo da shi. Wa ya ce muku rashin `?` yana hana null? Tun da tsarin `?` ɗin ya shigo da C# 8 a 2019, gargaɗi kawai kompaila (mai fassara rubutunka zuwa manhaja) yake yi. Da zarar manhaja ta tashi aiki, `string` da `string?` abu ɗaya ne. Sannan gargaɗin ma ba ku bari ya yi, sai ku liƙa `= null!` don layin rawaya ya ɓace. Wannan ai rantsuwa ka yi wa kompaila a kan ƙarya, shi kuma ya yarda da kai.

Sai 'yan koyarwar minti biyar a YouTube su ce ka sa `WhenWritingNull`. Haba! Rufe miki da riga ke nan. Null ɗin yana nan, gurbin ne ya ɓace daga JSON gaba ɗaya, wanda ya karɓa bai ma san an yi asara ba. `required` da `[JsonRequired]` su ma ba su raba ka da matsalar: wajen karantawa suke duba ko gurbin ya zo, ko da null ne a ciki sun gamsu.

Ko saitin .NET 9 ɗin ba ya leƙa cikin `List<string>`, ba ya kuma kula da gurbin da nau'insa `T` ne. Waɗannan kai za ka tsare su.

Yau ɗin nan ka bincika `null!` a duk manhajarka, ka goge su, ka sa `<WarningsAsErrors>nullable</WarningsAsErrors>` don gargaɗin ya zama kuskure, sannan ka rubuta gwajin da zai tura asusu babu lamba ka ga an ƙi shi.