Tambaya da Amsa: Kullum ina ba fulawoyin falona ruwa, me ya sa suke mutuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Zariya. Na sayi fulawa iri uku a wurin masu sayarwa a bakin titi don ƙawata falo: moda, alobera, da wata mai yaɗo mai ganye kamar zuciya, kore da ɗigon rawaya. Kullum da safe sai na ba su ruwa. Yanzu gindin modar ya yi laushi har yana wari, aloberar ta zuƙe ta koɗe tana kwanciya, mai yaɗon kuma sabbin ganyenta ƙanana ne, ɗigon ma ya ɓace. Taga ɗaya ce a falon, tana kallon yamma, da labule mai kauri. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Duk alamomin nan uku tushensu ɗaya ne: haske ya yi kaɗan, ruwa kuma ya yi yawa. Abubuwan biyu tare suke tafiya. Shuka da haske take sarrafa abincinta, kuma gwargwadon hasken da ta samu gwargwadon ruwan da take ja daga ƙasa. Idan tana cikin duhu, ruwan da kika zuba jiya yana nan bai tafi ba, kika ƙara na yau. Saiwa tana buƙatar iska, in ƙasa ta daɗe a jiƙe sai ta shaƙe ta ruɓe. Abin da ya sami modarki ke nan.

Idonmu yana yaudararmu a kan haske, domin yana saurin sabawa da ɗaki. Da rana tsaka a waje, hasken kan kai wajen lux 100,000 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), amma a tsakiyar falo mai labule sau da yawa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ga gwaji mai sauƙi: da tsakar rana ki kashe ƙwan lantarki, ki ajiye farar takarda a inda tukunyar take, ki ɗaga hannu kamar santimita 30 a samanta. Idan inuwar ta fito sarai har ana ƙirga yatsu, haske mai ƙarfi ne. Idan ta fito amma gefenta a dushe, matsakaici ne. Idan da ƙyar ake ganinta, wurin na 'yan tsirarun shuke-shuke masu juriya ne kawai. In babu inuwa sam, kada ki ajiye shuka mai rai a nan. Ki kuma lura haske yana raguwa da sauri da zarar an bar bakin taga. Mita biyu a ciki, mafi yawansa ya tafi. Ragar sauro, baƙin gilashi, rufin baranda da katangar da ke dab da taga, kowanne yana cin nasa rabon.

Sai inda tagar ta fuskanta. Tagar gabas, wato kusan ɓangaren alƙibla a wajenmu, ita ce mafi alheri, don ranar safe ba ta ƙuna. Tagar yamma irin taki tana samun ranar la'asar mai zafi, musamman daga Maris zuwa Mayu, kuma tana iya babbake ganyen da ya jingina da gilashi. Kudu da arewa kuwa suna canzawa da lokaci, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A Zariya, Kano da Katsina, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana tana ɗan karkata arewa, sauran watannin kuma kudu. Saboda haka tagar kudu da ke inuwa da damina za ta cika da rana a Disamba da Janairu. Shawarar da ake karantawa daga Turai cewa tagar arewa ba ta ganin rana ko kaɗan ba ta dace da nan ba.

Ki fara da labulen. Ki riƙa zuge mai kaurin tun safe, ki saka farin shara-shara a bayansa don ya tace ranar yamma. Alobera ta koma bakin tagar, ko ma baranda inda za ta sami rana ta awa uku zuwa huɗu. Amma kada ki fitar da ita cikin rana gaba ɗaya a yini guda, domin ganyen da ya saba da duhu zai ƙone ya yi tabo. Ki fara da awa ɗaya na ranar safe, ki riƙa ƙarawa cikin kwana goma zuwa mako biyu. Ganyen da ya riga ya zuƙe ba zai koma ba, sababbin ne za su fito da kauri. Mai yaɗon, wadda ake kira fotos, ki ajiye ta mita ɗaya daga tagar, inda akwai haske amma rana ba ta dukanta kai tsaye. Ki datse dogayen rassan da suka zama tsirara, sabon tofo zai dawo da ɗigonsa. Abin da kika datse, idan yana da gaɓa, zai yi saiwa a kofin ruwa cikin mako biyu zuwa uku.

Modar ce ke buƙatar gaggawa. Ki zare ta daga tukunya yau, ki kakkaɓe ƙasar, ki yanke duk abin da ya yi laushi ko baƙi da wuƙa mai tsafta har sai kin isa wuri mai tauri. Ki bar ta a inuwa kwana biyu zuwa uku bakin yankan ya bushe, ki dasa a sabuwar ƙasa busasshiya, kada ki ba ta ruwa sai bayan mako guda. Idan gindin ya tafi duka, ki yanka lafiyayyen ganye gunduwa-gunduwa kamar santimita 10, ki kula da ɓangaren da yake ƙasa don idan aka juya shi ba zai yi saiwa ba, ki soka a yashi mai ɗan danshi. Yana ɗaukar watanni, kuma in mai ratsin rawaya a gefe ce, 'ya'yan za su fito kore zalla. Moda tana jure ƙarancin haske fiye da yawancin fulawoyi, amma juriya ce kawai. A wuri mai haske take girma sosai.

Ƙasar da masu sayarwa ke cusawa a leda sau da yawa laka ce mai riƙe ruwa. Ga moda da alobera, ki haɗa kashi ɗaya ƙasar lambu, kashi ɗaya yashin rafi mai tsakuwa, da ɗan dakakken gawayi. Ga fotos, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi ko ɓuntun shinkafa. Tukunya dole ta kasance da huda a ƙasa. Tukunyar yumɓu ta fi ta roba a ɗaki mai ƙarancin haske, domin tana barin danshi ya fita ta jikinta. Kada kuma ki saka ƙaramar shuka a ƙatuwar tukunya.

Batun ban ruwa, ki daina bin ranaku. Ki soka yatsa har gaɓa biyu. In da danshi, ki bari. Fotos ana ba ta idan saman ya bushe, moda da alobera sai ƙasar ta bushe har ƙasa, wanda a cikin ɗaki kan ɗauki mako biyu zuwa uku. Idan za ki ba su, ki zuba sosai har ya fito ta huda, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Farin ɓawon da ke fitowa a saman ƙasa gishirin ruwan burtsatse ne, ruwan sama yana wanke shi. Taki kuma kada ki saka wa shukar da ba ta da lafiya ko take cikin duhu, ƙona saiwa zai yi.

Da hunturu ƙura tana lulluɓe ganye tana tare hasken da ya riga ya yi kaɗan, don haka ki goge da tsumma mai danshi duk mako, ki kuma juya tukunyar kaɗan don kada ta karkace gefe guda. A lokacin ne kuma ake ganin farin ƙwaro mai kama da auduga a ƙarƙashin ganye. Ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, a fesa da yamma duk mako har sau uku, yakan isa. Ki nisanta tukwanen daga bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Idan akwai yara ƙanana a gidan, ki ɗora fotos a sama inda hannu ba ya kaiwa, domin ganyenta yana sa ƙaiƙayi da kumburin baki idan aka tauna. In kuma aka yi miki tallan kariya, mai kaurin gindi da jan fure, ki sani ruwan jikinta guba ne, kuma wurinta tsakar gida cikin rana.