Ina su 504 da Renault 12 suka shige? Amsa ga mai shagon kayan mota a Garwa

Wani bawan Allah daga Garwa ya turo min tambaya, yace shagon kayan gyaran mota gare shi, gadon mahaifinsa ne, kuma yawancin abin da ke kan kanta na Peugeot 504 ne da 505 da Renault 12, sai 'yan kaɗan na Starlet. Yace a zamanin babansa kafin azahar an gama cinikin yini, yanzu kuwa sai ya wuni bai ga mai tambayar ko fulogi ba. To ga wani dattijo zai rufe nasa shagon, ya yi masa tayin duk kayan ciki a kan sefa miliyan 2, kayan da a lissafin da sun haura miliyan 5. Shine yake tambaya wai ina motocin nan suka shige ne, kuma tunda rayuwa ta yi tsada ba za a dawo musu ba? Ya saya ko kar ya saya?

Alhaji Allah ya jiƙan mahaifi ya sa wa shago albarka. Amsata a gaba: kar ka sayi kayan nan a dunƙule, ko da an rage maka. Bari in gaya maka dalili, don in ka gane inda motocin suka tafi kai da kanka za ka iya yanke hukunci a kan wannan tayin da ma na gaba.

Ka ɗauki motocin nan kamar garken shanu ne da aka daina haihuwa a cikinsa amma kullum mahauci yana zuwa. 504 ta fito a 1968, a Turai an daina ƙera ta ta fasinja tun 1983, abin da ya ja mata rai a wajenmu shine kamfanin PAN na Kaduna da ya fara haɗa motoci a 1975 ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, Kenya ma sun tsaya a 2004. Renault 12 a Faransa tun 1980 aka rufe babinta. Starlet ɗin da kake gani kamar ta jiya, Toyota ta daina ta a 1999 ta kawo Yaris a madadinta, Carina E kuma 1997. Kaga kenan ƙaramar cikinsu ta kai wajen shekara 20. Duk wadda ta faɗi a gangaren dutsen Ngaundare ko ta kama wuta ko injin ya buga, babu wata sabuwa da za ta shigo ta cike gurbinta.

Da can in ta mutu a nan sai a ɗauko wata daga Turai, 'yar okaziyon, wato ta hannu, ta sauka Duwala ko Kwatano. To can ɗin ma rijiyar ta ƙafe, kuma da gangan suka ƙafar da ita. Gwamnatocinsu sun riƙa biyan mutane kuɗi su kai tsohuwar mota a murƙushe su sayi sabuwa. Faransa ta yi haka a 1994 zuwa 1996, ta sake yi a ƙarshen 2008 zuwa 2010, Jamus a 2009 ta ba da yuro 2,500 kan kowace mota, kusan mota miliyan 2 aka kai aka niƙe. Waɗanne motoci ne mutum zai yarda ya bayar a niƙe a kan wannan kuɗin? Ƙananan nan masu araha, irin waɗanda da mu za a turo wa. Ba wai okaziyon ta daina zuwa bane, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mota miliyan 14 da aka fitar daga Turai da Japan da Amurka tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo, amma masu zuwan wasu ne daban, Yaris ne da Corolla da Avensis da RAV4. Sannan duwan ɗinmu na Kamaru, wato kwastan, suna ɗora ƙarin haraji kan motar da ta wuce shekara 10, kuɗin jirgi da na hanya daga Duwala zuwa arewa kuma ɗaya ne ko motar ta tsufa ko ba ta tsufa ba, to wane dila ne zai biya wannan duka a kan motar da ba za ta maido masa ba.

Amma babban dalilin, wanda nake so ka riƙe da kyau saboda shi ya shafi aljihunka kai tsaye, shine arahar da ta sa motocin nan suka cika gari ita ce ta kashe su. Mota mai araha tana gangarowa ne daga hannu zuwa hannu, daga ma'aikaci zuwa ɗan kasuwa zuwa mai taksi zuwa mai lodin ƙauye, kowane hannu ya fi na baya ƙarancin kuɗin gyara, na ƙarshen shine wanda zai loda mata buhun masara goma da mutum takwas ya bi hanyar da ba kwalta, man inji sai ya yi baƙi ƙirin kafin a juye, lagireto yana yoyo a toshe da sabulu. Ran da giyabos ya tafi ko injin ya buga sai bakanike yace gyara dubu 300, motar kuma ko tana lafiya ba za a saye ta sama da dubu 500 ba, ga asirans, wato inshora, ga bizit teknik na duba lafiyar mota, ga taya huɗu duk sun suɗe. Mai ita ba mahaukaci bane, zai ce a bari tukuna. Wannan "a bari tukuna" ɗin ita ce mutuwar. Ka leƙa kowane gareji a Garwa za ka ganta a gindin dalbejiya an ɗora ta kan duwatsu, wannan watan an cire batir da taya, wata mai zuwa wani ya zo neman ƙofa, wani gilas, wani kabureta, kafin damina biyu saura ƙwarangwal awaki na kwana a ciki, sai 'yan jari bola su zo da guduma su daddatse su auna a kilo, ƙarfen ya tafi kudu a narka a yi rodin gini, alminiyon kuma maƙera su zuba tukwane. Ka lura da Hilux da Land Cruiser na shekarun nan ɗaya, suna nan suna yawo, saboda ko gyara ya kai miliyan motar ta fi haka daraja, dole a gyara. Mai tsada ana jinyarta, mai araha ana yanka ta.

Kuma nan akwai abin da ke cin kasuwarka ba ka sani ba. Duk 504 ɗaya da aka yanka ta rage maka kwastoma ɗaya, sannan ta zama kishiyarka, don kayan jikinta za su ciyar da sauran biyar ɗin da suka rage a rabin kuɗin da kake sayarwa.

Batun cewa tsadar rayuwa za ta dawo da su kuwa, Alhaji wallahi akasin haka ne. Abin da ya riƙe tsofaffin motoci masu kabureta a arewacin nan shine zuwa-zuwa, man Najeriya mai araha da ake sayarwa a kwalba bakin titi. Tunda Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 wannan arahar ta tafi. A gidan mai kuma lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Tsohuwar 504 da ta gaji tana shan wajen lita 12 a kilomita 100, Yaris 6 zuwa 7, bambancin lita 5 kenan, a farashin 840 sefa 4,200 a kowace kilomita 100. Mai haya da yake Garwa zuwa Gidar kullum, ka lissafa masa na wata. Talakan da a da zai tara ya sayi tsohuwar Renault yanzu babur yake saya, Boxer ko TVS ko na China, sabo dal a kwali, ya yi kilando da shi, wato haya, da rana ya kai iyali asibiti da dare. Kai ma shaida ne a cikin Garwa da Marwa babur ne taksi. Wannan gurbin an riga an cike shi.

Sai kuma masu gyaran. Dattawan da ke sa kunne su saita kabureta suna ta ƙarewa, yaran da ke tasowa injekta suke koya da na'urar da ake jonawa a karanta ciwon mota, kuma bakanike shi ke turo maka mai saye, abin da bai iya gyarawa ba ba zai aiko a saya ba.

To mu dawo kan miliyan 2 ɗinka. Kar miliyan 5 ɗin nan ta ruɗe ka, wancan farashin na lokacin da akwai masu saye ne. Kaya darajarsa ita ce abin da za a ba ka yau da kuma saurin da zai fita. A misali in ka zuba miliyan 2 a kayan da ke tafiya, ribar kashi 10 kacal, ka juya kuɗin sau 5 a shekara, ka ci miliyan 1 kuma uwar kuɗinka tana hannunka. Kayan dattijon nan ko ribar ninki za ka ci a kan kowane ɗaya, in shekara 6 zai ɗauka kafin rabi ya fita, kana biyan haya kana biyan haraji kana fitar da zakka a kan kayan da ke kwance, asara ce mai sunan riba. Kuma ka san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, ya haura digiri 40 a inuwa balle cikin shago mai rufin kwano. Duk abin da yake roba, fanbel, tiyon ruwa, robar burki, sil, ka ɗauko ɗaya daga kwalin da ya shekara 15 ka lanƙwasa shi a hannunka ka gani, zai tsattsage. In ka sayar wa mutum robar burki irin wannan ba kuɗi kaɗai ka jefa cikin haɗari ba, rai ne, wannan kam ko kyauta aka ba ka ka zubar.

Ban ce ka juya wa dattijon baya ba, abokin mahaifinka ne wataƙila, kuma akwai abin ɗauka a wajensa. 504 akori-kura har yanzu tana da sauran numfashi, ita ke kai kaya kasuwar Pitowa ran Lahadi da kasuwannin ƙauye, kuma masu ita suna gyarawa don da ita suke ci, musamman in an biya kuɗin auduga. Ka je da bakaniken Peugeot wanda ka yarda da shi ku zauna ku tsince kayan ƙarfe na ƙasa da na inji, fistin da ringi, faifan kuloci, beyarin, kuros na farfela, famfon ruwa, waɗanda ba sa lalacewa da ajiya kuma akori-kura tana cin su. Waɗannan ka biya kuɗinsu, amma kar su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka ware. Sauran ka ce masa ya bar su a shagonka amana, a rubuta a takarda da shaidu, abin da ya fita ka cire ladanka ka kai masa nasa duk ƙarshen wata. In ya ƙi sai dai a dunƙule, to farashin da za ka fara da shi shine abin da 'yan kilo za su biya da ɗan ƙari, ba rabin farashin da ba. Na Renault 12 kuwa ko tsinke kar ka ƙara, wanda ke kantarka ma ka karya shi ya fita.

Kayan da suka rage maka ka ɗauki hotonsu da lambar jikinsu ka watsa a guruf na WhatsApp na makanikai, har Marwa da Kusiri da Injamena da Mundu, mai neman abin da ya ɓace ba ya ciniki da yawa. Yola da Mubi kuwa kar ka sa rai sosai, naira ta faɗi, su za su ga kayanka da tsada, kai ne ya kamata ka riƙa sarowa daga can.

Kafin ka taɓa ragowar kuɗin ga aikin da zan ba ka, ba zai ci maka ko dala ba. Ka sa yaronka ya zauna bakin babban titi da littafi, safe awa ɗaya yamma awa ɗaya har sati guda, duk motar da ta wuce ya ja mata layi a ƙarƙashin sunanta, babur ma haka. Kai kuma ka zaga gareji goma ka tambayi kowane oga abu biyar da ya fi aikawa a sayo, da wanda yake nema a Garwa ya rasa sai an aiko daga Duwala. A shago ka ajiye wani littafin, duk wanda ya tambayi abin da ba ka da shi ka rubuta. Abin da littattafan nan suka nuna shi za ka saro, kaɗan kaɗan, filta da burki da shokozoba da kayan ƙafa na Toyota, in wuri ya isa ka buɗe gefe ɗaya na kayan babur don su ne masu kawo kuɗin cefane kullum. Bashi ga makanikai kuma ka sa masa iyaka tun ranar farko, wanda bai biya na baya ba kar ya ɗauki na gaba.

Starlet da Carina E ɗin ma da kake ganin suna motsi, hanyar 504 suke bi, shekarunsu sun kai, kar ka tara musu kayan da ya wuce na wata uku. Duk shekara bayan sallah ka sake sa yaron ya zauna bakin titi da littafinsa, in ka ga layin wata mota ya ragu shekara biyu a jere ka fara rage odarta tun kana iya sayar da na hannunka da riba. In ka gama ƙirgar farko ka turo min abin da ya fito mu duba tare yadda za a raba miliyan 2 ɗin. Allah ya buɗa kasuwa.