Amsa: Rijiyar da ambaliyar kogi ta shafe

Ɗan'uwa, ka ce kogi ya cika ya malale rijiyarku, yanzu ruwan ya janye har na rijiyar ya kwanta ya yi garau, ko za a iya sha? A'a, kada ku sha tukuna. A fara yashe ta, a kwashe laka da duk tarkacen da ya faɗa ciki, a goge bangon, a zuba sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya kwana, sannan a yi ta janye ruwan har warin kulorin ɗin ya tafi. Kafin nan, duk ruwan sha a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti 1 cikakke.

Garau ɗin nan shi ke yaudarar mutane. Ambaliya tana wanko kashin masai da na dabbobi, ƙwayoyin kwalara da taifot kuwa ido ba ya ganinsu, yara ne kuma suke fara kwanciya. Sai dai ka auna tazara: in masai bai kai mita 30 daga rijiyar ba, ko yana tudu da ita, yasa ba za ta wadatar ba, domin ƙasar bakin kogi kan zama rairayi, ƙazanta tana tsiyayowa ta ƙasa. Wannan sai an canza wa masan wuri.