Ku Tambayi Masana: Ina ruwan mai ba da magani da awon jini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai mahaifiyata saidaliyyar unguwarmu, wato kantin magani, karɓar maganin hawan jini, sai mai ba da maganin ya auna ta, ya ce 158 bisa 94, har da danna mata ƙafa. Washegari a asibiti aka samu 136 bisa 84. Wannan aikinsa ne ko shisshigi? Awon wa za mu kama? — Wata mai karatu daga Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ba shisshigi ba ne. Masu karatun haɗa magunguna a Saudiyya yanzu shekara shida suke yi, ta ƙarshen a asibiti, kuma ana koya musu awon jini, bugun zuciya da numfashi. Gano cuta aikin likita ne. Shi nasa ya duba ko maganin yana aiki, ko yana ɓarna, ko lokacin komawa asibiti ya yi.

Bambancin awon kuwa, mun fi zargin yadda aka yi shi. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna minti 5 tukuna, ya jingina baya, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, dantse a kan tebur saitin zuciya. Ba gahawa, ba taba, ba saurin tafiya minti 30 kafin nan, kuma a fara kewayawa in ana jin fitsari. A ce Mama ta sha gahawarta, ta tako cikin zafin Jidda, an ɗaura mata damarar awo a kan hannun abaya tana amsa gaisuwa: dole lamba ta hau. Babban mai laifi shi ne girman damarar. Jakar iskar da ke cikinta ya kamata ta zagaye kashi 80 cikin 100 na dantse. In ta yi wa mai jiki kaɗan, sai ta nuna hawan da babu shi. A auna sau biyu, minti ɗaya ko biyu tsakani.

Danna ƙafar ma da dalili. Maganin hawan jini na amlodipine kan kumbura idon sawu, shi ya sa ake danna wurin da babban yatsan hannu kamar daƙiƙa 5 a ga ko gurbi zai zauna. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, da zafi da ciwo, ranar za a tafi asibiti. Haka in awo ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishi ko nauyin baki, a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa a Saudiyya.

Tambaya: Ina shekara ta huɗu a karatun magunguna. Tunda ga na'ura mai batir, me ya sa ake matsa mana sai mun iya awon hannu? — Ɗalibi daga Makka

Amsa: Ɗan'uwa, na'urar kan rikice in bugun zuciya ba ya tafiya daidai, don haka fara taɓa jijiyar wuyan hannu minti guda cur. Sai ka hura damarar har bugun ya ɓace, ka ƙara 30 a kan ma'aunin, ka riƙa sakin iska lamba na sauka da 2 a kowace daƙiƙa, kana saurare da abin sauraren likita. Ƙarar farko ita ce lambar sama, inda ta ɗauke ita ce ta ƙasa. Mai gaggawar sakin iska kan rage ta sama ya ƙara ta ƙasa. Kuma in ka ji 138, rubuta 138, kada ka mai da ita 140.