Filasma ba ta yin wanki

Wai me ya sa asibitoci ba su jefar da otokilef, tukunyar nan mai tsabtace kayan aiki da tururi, sun koma na'urar filasma ba, tunda ka gani a waya tana kashe ƙwayoyin cuta ba tare da tururin ruwa ba? Ajiye wayar tukuna. Ku yaran yanzu kunne ɗaya na wurin oga, ɗaya na TikTok.

Filasma ai ka san ta, ita ce hasken nan da ke tashi tsakanin sandar walda da ƙarfe, iska ce da lantarki ya farfasa. Na'urar asibiti irin STERRAD, wadda ta shiga kasuwar Amurka a 1993, sai ta zuƙe iskar cikin akwatin tas, ta saki hayaƙin wani magani, haidirojin feroksaid, ya kashe ƙwayoyin, sannan filasma ta wargaza ragowar maganin ya koma ruwa da oksijin. Zafinta wajen digiri 50, na otokilef 121 ko 134. Shi ya sa ake ba ta kyamarar leƙa ciki da kayan roba waɗanda zafi zai lalata. Haɗa wayoyin lantarkinta kuwa, in sai na koya maka, koma gida.

Amma ba ta son danshi, ba ta son auduga ko takarda, don shanye maganin suke yi. Ba ta kuma wanke jini. Ka wanke, ka busar, sannan ka saka.

Wannan maganar na faɗa wa wani mai asibitin kuɗi a nan Gombe da bakina. Gwanjonta ya sayo, na haɗa masa, na gwada a gabansa, ya ba ni rabin kuɗin aiki ya ce cikon sai ƙarshen wata. Ban kai ga shan ruwa a shago ba ma'aikatansa suka koma halinsu: su ɗauraye almakashi, su naɗe a yadi da jiƙonsa, su tura ciki. Na'ura ta tsaya, su sake dannawa, ta tsaya, su sake dannawa, har ruwa ya gauraye da man famfon zuƙe iska. Ya kira ni yana ta faɗa wai na yi masa aikin banza. Don kare sunana na sayo sabon mai da filta da kuɗin aljihuna, na kwana a kan famfon nan. Da na buɗe akwatin na zaro yadin a gabansa yana ɗigar ruwa, ka san abin da ya ce? "Injiniya, ai kai ya kamata ka tsare su." Ni ne matron ɗinsa? Daga ranar in na je, sai a ce Dakta yana tiyata. Mutumin nan ya sauya mota, ya je Umara, cikona yana hannunsa.

Ga shi maganinta a rufe yake cikin kaset, daga waje ake kawowa da dala, kuma in wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki an yi asarar wannan zubin. Otokilef ruwa da wuta kawai yake nema, ga shi yana cin yadi da auduga, waɗanda ake yawan aiki da su a ɗakin tiyata.

In wani ya kira ka haɗa masa, karɓi kuɗinka cif kafin ka kwance jaka, kuma ya sa hannu a takarda cewa ka yi masa bayanin danshi. Miƙo min sifana mai lamba 13.