An Kafa Mangaza a Filin da Aka Ware wa Makaranta: Ina Za Mu Kai Kuka?

Tambaya: Metir, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram. Na sayi fili a wani sabon lotisma, wato unguwar da aka yanka filaye, ta wajen hanyar Tanut, na gina, na tare da iyalina. Lokacin da muka saya an nuna mana taswira, aka ce fegin da ke gaban gidajenmu na makaranta ne. Yanzu wani ɗan kasuwa ya zagaye shi da katanga, zai yi mangazar siminti da takin zamani. Manyan motoci sun fara kwana a ƙofar gidajenmu, katangar kuma ta tare hanyar ruwa. Mun yi masa magana, ya ce takardunsa cikakku ne. Samarin unguwa suna cewa a rushe katangar da dare. Me doka ta ba mu?

Amsa: Malam, Allah ya ba da haƙuri. Kafin komai ka riƙe samarin nan. Ranar da suka taɓa bulo ɗaya, ku da kuke da abin faɗa a gaban alƙali kun koma waɗanda ake tuhuma da ɓarnar dukiya, shi kuma ya zama mai ƙara.

Ya ce takardunsa cikakku ne. To, waɗanne? Wanda zai kafa mangaza a irin wannan wuri ba takarda ɗaya yake bukata ba. Akwai ta mallakar filin, wato akt da sasiyon da meri (ma'aikatar magajin gari) ke bayarwa ko titir fonsiye. Akwai izinin gini, wanda mallakar fili ba ta tsaye a madadinsa. Idan kuma kayan da za a tara masu ƙura ne ko wari ko hatsarin gobara, akwai tsohuwar dokar Nijar ta 24 ga Mayu 1966 kan wuraren sana'a masu hatsari ko masu takura wa maƙwabta, wadda a kan manya daga cikinsu ta tanadi a buɗe bincike a ji ta bakin jama'a kafin a ba da izini. Dokar 14 ga Mayu 2018 ita ma ta sa a auna illar wasu ayyuka ga muhalli tun ba a fara su ba. Ka tambayi maƙwabta da mai unguwa: an taɓa kiran wani a ji ra'ayinsa? An manna sanarwa?

Amma inda shari'arku take da ƙarfi shi ne taswirar. Lotisma ba yankan filaye ne kawai a kafa borni, wato duwatsun iyaka, ba. Tsarin birane yana ƙarƙashin dokar 12 ga Afrilu 2017, kuma taswirar lotisma sai ta samu amincewar ma'aikatar da ke kula da tsara birane, da titunanta da magudananta da wuraren da aka ware wa jama'a. Fegin da taswirar ta ce na makaranta ne ba ya zama na kasuwanci don an samu mai kuɗi a hannu. Sai an bi hanyar canza masa matsayi a rubuce, daga hukumar da ke da ikon yin haka. Idan ba a bi ba, akt ɗin da ke aljihun ɗan kasuwar yana da rauni tun daga tushe, ko da hatimi goma ne a kansa.

Sai dai ka lura, taswirar da dillali ya shimfiɗa maka a kan bonet ɗin mota ba hujja ba ce. Yakan faru a nuna wa mai saye wani zane, alhali wanda aka amince da shi daban ne, kuma a cikinsa fegin tun farko na kasuwanci ne ko ajiyar hukuma. Idan haka ta kasance, rigimarku ta koma kan wanda ya sayar muku, ba kan mai mangaza ba. Don haka aikin farko shi ne samo kwafin taswirar da aka amince da ita, mai lambar lotisma da lambar ilo, wato rukunin filayen da fegin yake ciki. Ku nema a ofishin filaye na meri, da ofishin tsara birane na jiha, da kadastir, wato ofishin rajistar filaye. Ku nema a rubuce, ku karɓi shaidar ajiye wasiƙa mai kwanan wata. Dokar 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma, ku ambace ta a wasiƙar. A wasiƙa ɗaya ku nemi kwafin izinin ginin.

Wa za ku rubuta wa? Tun 2010 Damagaram birni ne mai gundumomi 5, kuma a watan Afrilun 2024 an rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. Wasu sun ɗauka tun da babu kansiloli babu inda za a kai kuka. Ba haka ba ne. Sa hannun kantoma hukunci ne na hukuma kamar na magajin gari, ana iya neman ya janye shi, ana iya kai kuka ga gwamna mai sa ido a kan ayyukan birni, kuma ana iya neman kotu ta soke shi.

Nan ne mutane ke faɗuwa. Kafin a nemi alƙalin shari'ar gwamnati ya soke izini, sai an fara rubuta wa hukumar da ta bayar ko ta sama da ita. Wa'adin yin haka gajere ne, da kwanaki ake lissafa shi, kuma shirun hukuma bayan wani lokaci ana ɗaukarsa a matsayin ƙi, daga nan wani wa'adin ya fara gudu. Zaman sulhu a ƙofar mai unguwa ko a fada abu ne mai kyau, ni ma ina ba da shawarar a yi, domin sau da yawa a can ake samun a matsar da ƙofar mangaza ko a buɗe wa ruwa hanya. Amma sulhu ba ya tsayar da agogon kotu. Ku yi su tare: dattawa su je fada, wasiƙa ta tafi meri a mako guda. Ku kuma sani shigar da ƙara kaɗai ba ya dakatar da gini, sai lauyanku ya nemi dakatarwar a takarda ta daban.

Hanya ta biyu ta fi kusa, kuma ba ta jiran ta farko. Izinin gini ba ya ba kowa ikon cutar da maƙwabci. Katangar da ta mayar da ruwa cikin gidaje, da ƙurar siminti, da motocin da ke toshe ƙofa, abubuwa ne da za a iya kaiwa babbar kotun Damagaram. Idan akwai gaggawa, shugaban kotun yana da ikon ba da umarnin wucin gadi, abin da ake kira refere, ya ce a tsayar da aiki ko a fasa wa ruwa mafita kafin a shiga gundarin shari'a. A garin da ƙasarsa dutse ne, ruwan sama ba ya nutsewa da wuri, katanga ɗaya a kan hanyarsa ta isa ta kwantar da ɗakunan laka a watan Agusta. Alƙali ya san da haka, amma da takarda yake aiki. Ku ɗauko wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya zo ya gani da idonsa, ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta. Hoton waya yana taimakawa, rahoton wisiye ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

A ganina kada ka shiga wannan kai kaɗai. Masu gidajen da ke fuskantar fegin su ne suka fi hujjar cewa abin ya shafe su, su sa hannu tare, a raba kuɗin wisiye da na lauya. Kowa ya fito da akt ɗinsa, domin abu na farko da lauyan ɗan kasuwar zai tona shi ne naku takardun. Wanda ya gina ba tare da izini ba, ko wanda har yau akt ɗin yana da sunan mai shi na farko, gara ya koma baya a jerin masu ƙara ya je ya gyara nasa. Wanda ba shi da hali, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a shari'a, tana da ofishi a manyan kotuna.

Kada in ɓoye maka, tsayar da gini yana matakin katanga ya fi sauƙi ƙwarai a kan neman a rushe mangazar da aka rufa wa kwano aka cika da kaya. Idan ta kai can, sau da yawa maganar diyya da sharuɗɗan shige da ficen motoci ake komawa yi. Ranar da za ka ga lauya, ka riƙo akt ɗinka, da shaidar ajiye wasiƙun, da rahoton wisiye, da ranar da aka fara haƙa tushen katangar.